Ranar da Na Kai Inna Shagon Haya

Murfin tukunya ne ya fara kaɗawa, kar-kar-kar, irin yadda yake yi idan wake ya tafaso yana neman hanyar fita. Iyakar abin da ya faru ke nan. Har yau in na ji wannan ƙara, ko a gidan wa nake, sai hannuna na dama ya yi sanyi kamar yanzu na miƙa abin da bai kamata in miƙa ba. Yanzu a kan gas nake girki, ba hayaƙi ba fifita, amma murfi bai sake hali ba, ni ma ban warke ba.

Jikokina ne suka tono mini zancen a hutun da ya wuce. Uwarsu, Walida, 'yata ta fari, ta sa mini wata manhaja a waya, irin wadda ake biyan kuɗin wata a kalli fim iya son rai. Ranar farko murna kamar salla. Fim ga shi nan birjik, ba ka tashi daga inda kake, da ɗan yatsa za ka zaɓa. Kwana biyu sai ƙorafi ya fara. Ana tsakiyar kallo ɗan zoben nan ya fito yana juyawa, yana juyawa, yarinyar fim ta buɗe baki ta tsaya a haka kamar an ɗaure ta. A ɗaga waya sama, a koma gindin darbejiya, a hau kan turmi neman sabis. Wani fim da suka fara suka bar ƙarshensa sai gobe, da gari ya waye babu shi, an cire, kuma ba shagon da za ka je ka tsaya ka tambaya. Rannan wata ya cika aka rufe musu ƙofa, ga data a waya amma sai an sake biya. Ƙaramin ya kwanta a tabarma yana birgima, wai an ƙwace masa fim ɗinsa. Walida tana tsaki tana cewa mutanen nan ba su da tausayi, ka biya ka biya, abu kuma bai taɓa zama naka ba. Na ce mata, "Da can ma haya ce, ba namu ba ne." Ta ɗago ta dube ni, na dube ta, don mu biyu mun san akwai guda ɗaya da ya taɓa zama namu.

A shekarun nan da soja suka koma bariki aka kuma shiga ɗokin Shari'a, muna zaune a Rano, a gidan ƙasa mai ɗaki biyu da rumfa. Maigidana malamin firamare ne, Malam nake ce masa kamar kowa. Da albashi ya ɗan gyaru sai ya sayo bidiyo na hannu daga Kano, na ɗinka masa riga da ragowar atamfa saboda ƙura. Shagon hayar kaset yana kusa da tasha, na wani saurayi ne Sabitu. Kaset kuwa duk baƙaƙe ne iri ɗaya, kwalin da ake zura su ciki shi ke ɗauke da hoton 'yan wasa. Mu mata ba ma zuwa shago. Maigida ko ƙani ne zai karɓo, abin da aka kawo miki shi za ki kalla. Kwana ɗaya ake bayarwa, amma kafin a mayar sai ya zaga gida uku ko huɗu, ta kan katanga ake miƙa shi cikin kwano an rufe da faifai kamar abincin biki. Mun sha takaici iri-iri. Ki kalli na ɗaya, ya yanke daidai inda uwa ta ɗaga hannu za ta yi magana, na biyu kuma yana hannun wasu har mako. Wani ya sha kallo har hotonsa yana yayyafi. Wani bidiyo ya tauna zarensa, a zaro a hankali da tsinken tsintsiya ana salati. In aka ɗauke wuta kuwa kaset ya maƙale a ciki, sai ranar da Allah ya dawo da ita. Amma ranar da aka dace da mai kyau, ɗaki ya cika da mata, wannan tana tsince shinkafa, waccan tana kitso, ana yi wa mugu Allah ya isa baki ɗaya, a tashi da jajayen idanu ana dariyar juna. Yaran yanzu kowa da wayarsa a kusurwarsa, ko kuka shi kaɗai yake yi.

Wa'azi ya yi zafi a kan fim a lokacin, ni kaina zuciyata ba ta kwanta da shi ba. In an zo wurin rawa da waƙa sai in danna ya gudu, in an kira salla in kashe in yi istigfari. Malam bai hana ba, shi ne ma yake karɓowa ya mayar a kan hanyarsa ta makaranta. Kowa ya mayar da kaset sai Sabitu ya zaro shi daga kwali, ya duba lambar da ya rubuta a jikinsa, ya duba ko an mayar da zaren farko. Ban da Malam. Shi ya koya masa karatu a aji uku, don haka in ya hango shi sai ya rusuna ya karɓa hannu biyu, ya ɗora a kanta ba tare da ya duba ba. Girmamawa ce, kuma ita ce ta ci ni.

Akwai kaset ɗaya a gidan da ba na haya ba. Sai na faɗi wace ce Inna kafin a gane nauyinsa. Inna mahaifiyata ce, mutuniyar Kibiya, ni ce kuma 'yarta ta fari. Wanda ya tashi a wurinmu ya san abin da hakan yake nufi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, ko "waccan", in tana ba wani labari ta ce "yarinyar nan". Ba ta rungume ni, ba ta yabona, in na shigo ɗaki ta kau da kai. Ranar da na kawo sakamakon sakandare, ƙannena suna tsalle, ita cewa ta yi, "A ajiye takarda a ɗauko ruwa, randa ba ta san an ci jarrabawa ba." Na san kunya ce, na san haka aka yi mata ita ma, amma sani daban, zuciyar yarinya daban. Na girma ina leƙen fuskarta ina neman abin da ban taɓa kamawa ba. Hoto kuwa ba ta yarda a ɗauke ta, ko na katin zaɓe sai da aka yi da gaske, shi ma ya ɓata.

Da na haifi Walida a gida Kibiya na yi jego, Malam ya yi mini kara ya sa wa jaririyar sunan Inna, shi ya sa muke ɓoye sunan muna ce mata Walida. Ranar suna ƙanena da ke aiki a Kano ya zo da abokinsa mai kyamara, abin yana sabo a lokacin. Aka ɗauki mata, aka ɗauki rago, aka ɗauki tukwane. Bayan wata biyu aka aiko mini da kaset, ƙanena ya karya ɗan haƙorin da ke bayansa, ya ce da haka ba mai iya gogewa. Ba mu da bidiyo, sai na naɗe shi a ɗankwali na sa a ƙasan akwati. Damina ta zagayo Inna ta kwanta kwana tara ta rasu. Kaset yana akwati shekara huɗu. Ranar da Malam ya kawo bidiyo, da ya fita, shi na fara sawa.

Wajen ƙarshe ashe mai kyamarar ya ajiye ta a kan kujera ya tafi cin abinci, ya manta bai kashe ba. Ga Inna a kusurwar ɗaki ita kaɗai, jaririya a cinyarta. Ba ta san ana ɗauka ba, ban ma jin ta san abin yana kama murya. Ta gyara ɗankwali, ta yi ɗan tarinta guda biyu, ta ce, "Ke takwara, buɗe ido ki gan ni. Kin dace da uwa, kin ji? Tun tana kamarki ba ta taɓa sa ni kuka ba. Ni ce dai ban iya faɗa ba." Sai ta waiga ƙofa ta ga ba kowa, ta sunkuya ta faɗi sunana. Sau biyu ta faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana zuma a ɓoye. Ta ce, "Allah ya yi mata albarka. Ki bi ta a sannu, zuciyarta ba ta da ƙwari." Daga nan ta kwantar da jaririyar, ta tashi, ta ɗaga labule ta fita.

Ban iya faɗar abin da na yi a ɗakin nan rannan ba. Na dai san na yi sujada. Daga baya kaset ɗin ya zama abin kallonmu ni da Walida. Tana shekara shida, duk ranar da akwai wuta sai ta ja zanena ta ce, "Umma, a sa mini Inna." Ba ta son wurin rago da mata, sai in gudu da shi zuwa kusurwar ɗakin, ta zauna dab da talabijin bakinta yana motsi. Ni da na yi makaranta, na rubuta "Sunan Walida" da kyakkyawan rubutu a jikin kwali, amma ban taɓa tunanin in rubuta komai a jikin kaset ɗin kansa ba.

To, ranar da abin ya faru da hantsi ne. Mun gama kallon wani fim na haya, na cire shi na ajiye a kan talabijin, na sa wa Walida Inna, ta kalla ta fita wasa. Na ɗora wake. Sai ga Malam a zaure, babur yana kunne, yana cewa, "Miƙo kaset ɗin mutane, ta tasha zan bi." Na shiga ɗaki da sauri, a daidai lokacin murfi ya fara kar-kar-kar. Hankalina ya rabu biyu. Hannuna ya yi abin da ya saba, ya danna, ya karɓi wanda bidiyo ya tofo, ya zura a kwalin fim. Na miƙa wa Malam, na ruga na ɗaga murfi. Wake bai zube ba, ko ƙwaya ɗaya. Na dawo na ɗauki wanda ke kan talabijin na sa a kwalin Inna, na naɗe a ɗankwali, har da shafa shi kamar kullum. Kafin azahar aka ɗauke wutar unguwarmu, ba ta dawo ba sai bayan kwana huɗu.

Da ta dawo, ihun yara a layi bai gama sauka ba Walida ta ja zanena. Na sa kaset. Sai kiɗa ya tashi, wani mutum da gashin baki ya cika talabijin. Walida ta ce, "Umma, wannan ba Inna ba ce." Na cire, na sake sawa, kamar zai sake shawara. Na juye akwati, na ɗaga katifa, na leƙa har cikin randa. Na riga na san inda yake tun daga ƙarar kiɗan farko, amma jikina ya ƙi yarda. Na faɗa wa Malam, ya je shago ya dawo ya ce an karɓe shi tun a ranar, a wata unguwa mai wuta, ba a kuma dawo da shi ba tukuna. Ya ce in yi haƙuri, kaset ba ya ɓata a garin nan. Na yi haƙurin kwana biyu, ba ci ba barci. A na uku na durƙusa a gabansa na ce, "Malam, a hannun mata yake, kai kuma ba ka shiga gidajen mutane. Ka bar ni in bi shi." A lokacin a ga matar malami tsaye a shagon fim ba ƙaramin abin magana ba ne. Duk da haka ya ce, "Ki tafi da Hajiya Lami."

Hajiya Lami maƙwabciyarmu ce, dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, bakinta ba ya tsoron kowa. Na zumbula hijabi har ƙasa muka tafi. Samarin da ke zaune a benci suka zuba mana ido. Sabitu ya miƙe yana kame-kame.

"Subhanallahi, matar Malam ce da kanta? Ai da aike kika yi, Hajiya."

Hajiya Lami ta ce, "Aiken ne ya kawo mu nan, ɗan nema. Kai da kake duba kaset kamar mai sayen ƙwan zabi, ranar nan ina ka kai idonka?"

"Haba Hajiya, in duba abin da Malam ya kawo? Ai sai hannuna ya shanye."

"To ga shi ladabinka ya sa mu yawo. Wa ka ba?"

"Gidan Garba direba aka kai. Kuma wallahi ba su kawo ƙara ba. Da ba fim ba ne a ciki da tuni sun dawo sun wanke ni, kin san halin mutanenmu, ko hoto ya ɗan yi rawa sai an zo an ce na cuce su."

Na ce, "Sabitu, uwata ce a ciki." Muryata ba ta fita sosai ba, amma ya ji, don sai na ga ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Matar direba ta tarbe mu da fara'a. Da ta ji abin da ya kawo mu ta tafa hannu. "Wayyo, naki ne? Ke ce mai jegon nan mai koren leshi? Wallahi ya fi fim ɗin da muka aika a karɓo. Sau biyu muka kalla. Tsohuwar nan ta sa mu kuka, har na ce da Innata za ta faɗi haka a kaina ko bayan na mutu ne." Sai na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa. Maganar da Inna ta waiga ƙofa kafin ta faɗa, ga ta a bakin matar da ban taɓa gani ba. Na haɗiye na ce ta ba ni. Ta ce ai ta miƙa wa maƙwabciyarta ta katanga, kar a mayar ba ta gani ba. Maƙwabciyar ta ce yayarta ta ɗauka. Gida huɗu muka shiga, kowanne sai an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an gaisa har da tambayar gajiya. Kowacce ta ji daɗinsa, kowacce ta yabi Inna, ba wadda ta ce bari in nemi mai shi. A gida na ƙarshe wata tsohuwa ta ce, "Ni na gane gidan, ga tsamiyar nan ga rijiyar. Na ce wannan ai Kibiya ne. 'Yata da ke aure can ta zo, na ce ta tafi da shi mutanen garin su ga marigayiya su yi mata addu'a. Alheri na nufa, 'yar nan." Na ce na sani, Iya. Da muka fito na jingina da katanga. Hajiya Lami ba ta yi barkwanci ba. Ta ce, "Jibi kasuwar Kibiya, akwai mota. Ƙulina zai jira."

Motar ta cika da buhunan albasa da mata masu ƙwarya. Duk hanya ina jan carbi, ina roƙon Allah abin da nake jin kunyar roƙa, kaset. Na yi ta ce masa, Ya Rabbi, ka san ba fim nake nema ba. Muka sami gidan. Matar ta ce sun kalla, tsofaffin unguwa sun taru sun yi wa Inna fatiha, amma maigidanta ya haɗa shi da wasu kaset-kaset na haya ya kai shagon bakin kasuwa, ya ɗauka na can ne. Ban tsaya sallama ba.

Shagon ɗan ƙarami ne, janareto yana ruri a baya. Mai shi wani magidanci ne Ado. A kan tebur ga bidiyo biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya, waya ta haɗa su. Ban san amfaninsu ba a lokacin. Hajiya Lami ta yi masa bayani. Ya saurara, fuskarsa tana canzawa a hankali.

"Mai sunan jariri a ciki? Wani ya karɓa ya dawo da shi yana ta faɗa, wai ya biya kuɗin fim an ba shi bikin wasu. Na duba ba lambata, ba suna, kwalin ma ya yage. Na ajiye kwana biyu ba wanda ya zo."

Na ce, "Yana ina?"

"Zarensa mai kyau ne, Hajiya, bai sha kallo ba. Irinsu ba ma zubarwa."

"Malam Ado, yana ina?"

Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko. Sabon kwali, sabuwar lamba. Na juya bayansa. Inda ƙanena ya karya haƙorin nan don kar a goge, an liƙe ramin da ɗan guntun salatif, bai kai faɗin farce ba. Ya ce, "Jiya da yamma na ɗora masa sabon fim. Haka muke yi, kowa haka yake yi. Wallahi da na sani..."

Na ce ya sa. Ya sa. Saurayi da budurwa suna rawa a cikin furanni, suna sake kaya. Na ce ya gudu da shi. Ya gudu, mutane suna wucewa da sauri kamar tururuwa, ina neman koren leshi, ina neman tsamiya, ko kan rago ne. Babu. Na ce ya ƙara. Na durƙusa a ƙasan shagon, a bakin kasuwa, a garin da kowa ya san ubana, ban damu da wanda ke kallo ba. Na ce, "Don Allah, don Annabi, a ƙarƙashi take, ka cire na saman." Ya ce ba a cirewa, Hajiya, in an ɗora an ɗora. Fim ya ƙare, sunaye suka hau, hoto ya yi yayyafi, ya yi rawa. Sai ga ɗakinmu na Kibiya. Na yi ƙara na ce ya tsaya. Fim ɗin bai kai tsawon kaset ba, ya bar ɗan saura. Ga jaririya kwance a kan gado. Ga bayan Inna, ta riga ta miƙe, ta ɗaga labule, ta fita. Labulen ya sauka yana ɗan motsi. Shi ke nan. Ba fuska, ba murya. Da fim ɗin ya gajarta da minti ɗaya, da na same ta.

Ado ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Hajiya, ki riƙa aikowa, duk fim ɗin da kike so, wata guda kyauta."

Hajiya Lami ta ce, "A cikinsu wanne ne ya haife ta?" Ta kama hannuna ta tashe ni, ta karɓi kaset ɗin ta sa a jakarta.

Ban riƙe kowa a zuciya ba, Allah ya sani. Sabitu ladabi ya yi, matan nan so suka yi, Ado sana'arsa ya yi, Malam kuwa har ya rasu bai daina cewa da ya tsaya ya kashe babur ba. Hannuna ne ya miƙa. Ɗan sauran nan ma bai zauna ba. Da zamanin faifan CD ya zo na aika a juye mini shi, aka dawo da shi wai zaren ya yi fumfuna. Yanzu ina ganin yadda ake ɗaukar komai a waya, suna, biki, har cin abinci, waya ta cika a goge a sake ɗauka, ba mai komawa ya kalla. Ina ganin 'yan mata suna kiran ɗan fari da sunansa, suna sumbatarsa a gaban surukai. Tsarata suna cewa kunya ta ƙare. Ni ba na cewa komai, don ni ce na fara a unguwarmu. Tun daga shekarar nan nake jawo Walida jikina a gaban kowa, in yabe ta tana ji, aka yi surutu aka gaji. Ba zan bar wa kaset abin da bakina zai iya faɗa ba.

Amma ba a shagon Ado ranar ta ƙare ba. Mun iso Rano bayan la'asar. Na tarar da Walida zaune a bakin rumfa, tun safe aka ce take nan, ta ƙi zuwa Islamiyya. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ba ta tambaya ba. Na shiga ɗaki na zauna a ƙasa da hijabina, abin da na danne tun daga Kibiya ya ɓalle. Ina cewa na kashe Inna karo na biyu, ina istigfari, ina sake faɗa. Ban ji shigowarta ba. Sai dai na ji ɗan tari guda biyu.

Na ɗago. Tana kusurwar ɗaki, ta ɗaura ɗankwalina ya rufe mata rabin goshi, ta ɗora 'yar tsanarta a cinya. Ta sunkuya, ta ja murya irin ta Kibiya, ta ce, "Ke takwara, buɗe ido ki gan ni. Kin dace da uwa, kin ji? Tun tana kamarki ba ta taɓa sa ni kuka ba. Ni ce dai ban iya faɗa ba." Ba ta bar ko harafi ba, har inda Inna take jan numfashi. Sannan ta waiga ƙofa, kamar yadda Inna ta waiga. Sai ta tsaya, don ita ma an koya mata ba a faɗar sunan uwa. Ta ɗago ta dube ni da idanun nan nata.

"Umma, ki daina kuka, ai na haddace ta duka. In faɗa har da sunan?"